Yadda Ake Tsara Sana'ar Hannu Ta Riƙe Matan Karkara Da Mazajensu Suka Rasu

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa akwai mata sama da miliyan 258 a duniya da mazajensu suka rasu, kuma kusan ɗaya cikin goma tana fama da matsanancin talauci. Tun 2011 ake ware ranar 23 ga watan Yuni domin a tuna da halin da suke ciki. A karkara abin ya fi tsanani, don sau da yawa rasuwar miji takan tafi da gona da dabbobi, wani lokaci har da ɗakin kwana, idan dangin mamaci suka ɗora hannu a kan dukiya. Abin da ya rage wa matar shi ne hannunta da abin da ta iya yi da shi. Shi ya sa duk mai niyyar taimako hankalinsa yakan fara zuwa kan saƙa, ɗinki, tabarma, kwando, sabulu da kayan ado.

Niyyar tana da kyau, amma irin wannan shiri yana yawan mutuwa, kuma kusan a wuri ɗaya yake mutuwa. A koya wa mata aiki, su cika ɗaki da kaya, a rasa mai saye. Ko kuma a samu mai saye, kuɗin ya yi wata uku bai dawo ba. Matar da ke ciyar da yara ita kaɗai ba za ta iya jiran wata uku ba. Don haka duk matakan da ke tafe a kan ƙa'ida ɗaya suka tsaya: ranar da ta kawo kaya mai kyau, ranar za ta karɓi kuɗinta, asarar kasuwa kuma shirin ne zai ɗauka, kada a bar ta a kanta.

Wannan ƙa'ida tana da tarihi. A Bangaladesh, ƙungiyar yaƙi da talauci ta BRAC ta buɗe shagon Aarong a 1978 saboda ta ga matan karkara suna kai kaya ga masu shaguna, a yi makonni har watanni ba a biya su ba. Shagon ya fara ne da manufar biyan mai sana'a da zarar ta kawo kaya, kuma a yau yana cikin manyan masu sayar da kayan hannu a ƙasar.

A nemo mai saye kafin a sayi zare

Kafin a tara kowa, mutum biyu su ɗauki makonni biyu ko uku suna zaga wuraren da ake sayar da kayan hannu: kasuwar da ta fi kusa, shagunan birni, otal-otal, makarantu, masu shirya taro da ke raba tsaraba. A kowane wuri tambaya huɗu ce. Me ya fi fita? Guda nawa a wata? Nawa kuke sarowa? Me kuke nema kuke rasawa? Amsar tambayar ƙarshe ta fi sauran daraja, a rubuta ta yadda aka faɗe ta, har da girma da launi.

A fifita abin da ake amfani da shi har ya ƙare a dawo a sake saye. Jakar cefane, kwandon wanki, tabarmar zama, kayan makaranta, sabulu, tsumman goge hannu, duk suna ƙarewa. Abin rataye a bango kuwa sau ɗaya mutum yake saye, ya shekara goma bai nemi wani ba. A fifita kuma abin da kayan aikinsa ke samuwa kusa duk shekara, da abin da matan suka riga suka iya ko da rabi da rabi. Gyara hannun da ya saba da saƙa aikin makonni ne, koyar da sabuwar sana'a daga tushe aikin watanni ne, kuma a cikin watannin nan babu kuɗin shiga.

Kaya iri biyu ko uku sun isa a farko. Mata takwas zuwa goma sha biyu, gwaji na wata uku. Wanda ya fara da mata hamsin da kaya iri goma ba zai gane inda kuskure ya shigo ba.

Su wa za su shiga

A yi zaɓen a fili, da sharuɗɗan da aka karanta a gaban jama'a: yawan bakin da take ciyarwa, ko tana da gona, ko akwai mai tallafa mata. Idan aka bar wa mutum ɗaya zaɓe, komai mutuncinsa, za a ce 'yan'uwansa ya saka, kuma zargin zai bi shirin har ƙarshe. Yana da kyau a bar gurbi kaɗan ga wasu mata masu ƙaramin ƙarfi da mazajensu ke raye amma ba sa iya aiki, don kada ƙungiyar ta zama abin nuni a gari.

Abu biyu a rubuta su tun ranar farko. Na ɗaya, wadda ta sake aure ba za a cire ta ba. Idan aure yana nufin rasa sana'a, an sa ta zaɓi tsakanin abubuwa biyu da duk haƙƙinta ne. Na biyu, tsofaffi da waɗanda idonsu ko yatsunsu suka yi rauni suna da gurbi: tsage kaba, naɗe zare, ware launi, ɗaura takardar shaida, shirya kaya a kwali. A yanka wa waɗannan ayyuka lada kamar kowane aiki. Wadda rasuwar ba ta daɗe ba kuma a ajiye mata gurbinta, a bar ta ta shigo lokacin da ta shirya.

Mafi talaucin cikinsu ba za ta iya zaman koyo da yunwa ba. BRAC ta gane haka a shirinta na masu tsananin talauci da ta fara a 2002, inda take haɗa kayan sana'a da horo da ɗan kuɗin abinci na wani lokaci. Idan babu wannan tallafi, almakashi da zaren da aka raba za su koma kasuwa ranar da tukunya ta ƙi hawa wuta, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinta. A sa kuɗin abinci na makonnin koyo a cikin kasafi tun farko.

Lissafin farashi

A nan ne ya kamata a daɗe, domin yawancin shirye-shirye farashinsu na ƙiyasi ne. A ɗauki agogo. Mata uku masu matsakaicin sauri su yi abu ɗaya, a ƙirga sa'o'in tun daga shirya kayan aiki har zuwa datse zaren ƙarshe, a ɗauki na tsakiya. Kada a auna da gwanar cikinsu, sauran za su cutu. Sannan a duba ladan da ake biyan mai aikin yini a yankin, a raba shi da sa'o'in aiki. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da sa'arta ta cancanta.

Ga misali da lambobi zalla, kowa ya sa kuɗin ƙasarsa. A ce ladan yini 80 ne a sa'a takwas, wato 10 a kowace sa'a. Kwando ɗaya yana cin sa'a shida, ladansa 60. Kayan aiki da rini 25. An samu 85. A ƙara kashi 20 cikin 100 na sufuri, kwali, katin waya da kayan da za su lalace, wato 17, ya zama 102. A ɗora 13 na asusun ƙungiya, farashin sari ya tsaya a 115. Mai shago a al'ada yakan ninka farashin sari sau biyu, don haka kwandon zai hau kanta a 230, ko fiye idan ya bi ta hannun dillali ko ya tsallaka iyaka.

Yanzu a koma kasuwa da wannan lamba. Idan irin kwandon ana sayar da shi 150 a shago, lissafin bai fita ba, kuma hanya uku ce ta rage: a sauya fasali yadda zai ci sa'a huɗu, a ƙara masa abin da zai ɗaga darajarsa kamar marfi ko hannu mai ƙarfi, ko a bar shi a nemi wani kaya. Hanya ta huɗu, wato a rage ladan matar, ita ce wadda kowa yake bi ba tare da ya sani ba, kuma ita ce ke mai da taimako ya zama ci da gumi. Kayan da injin masana'anta ke fitarwa dubu-dubu kada a yi gasar farashi da su, ba za a ci ba.

Kuɗin da ke juyawa

Biyan mata nan take yana buƙatar jari a ajiye, kuma ana iya lissafa shi. Mata ashirin, kowacce kwando huɗu a wata, kwando 80 ke nan. Lada da kayan aiki 85 sau 80, wato 6,800 a wata. Idan mai saye sai bayan kwana 60 yake biya, a haɗa da watan da aka yi ana saƙa, ana buƙatar kuɗin wata uku a hannu, 20,400, kafin a karɓi oda ta farko. Mai ba da tallafi da ya sa kuɗinsa a nan ya fi wanda ya sayi kekunan ɗinki ashirin amfani, ko da yake kekuna sun fi kyau a hoto.

A nemi kafin alƙalami. Ƙungiyar cinikin adalci ta duniya, WFTO, ta sa a ƙa'idojinta cewa mai sayen kayan hannu ya biya aƙalla rabin kuɗi tun kafin a yi aikin idan an nema, ba tare da kuɗin ruwa ba. A misalinmu, rabin odar kwando 80 shi ne 4,600: ya biya kayan aiki gaba ɗaya, ya biya fiye da rabin lada. Ko mai sayen ba ya cikin wannan ƙungiya, a tambaya, musamman idan ya zo da launi ko tambarin da ba za a iya sayar wa wani ba.

Ajiye kaya a shago sai an sayar a biya yana da haɗari. Idan dole ne, a rubuta adadi, farashi, la'adar mai shago da ranar lissafi, kowane ɓangare ya riƙe kofi, kuma kada ya wuce kwana talatin ba a zauna ba. Kayan da aka ajiye ta wannan hanya na shirin ne, an riga an biya mai su.

Samfur, ma'auni da ranar karɓar kaya

Mai saye da ya ga kwando ɗaya ya yi odar hamsin, hamsin masu kama da wancan yake jira. A yi samfur biyu iri ɗaya, a ɗaura wa kowanne takarda mai sa hannu da kwanan wata, ɗaya wurin mai saye, ɗaya wurin ƙungiya. Ga matan da ba su saba da tef ɗin awo ba, a yanka ma'auni na katako ko kwali mai kauri: faifan da gindin kwando zai zauna a kai daidai, sandar da ke nuna tsayi, zoben da baki zai shige. A yarda da bambancin santimita ɗaya, kada ya wuce. Launi kuma a ɗinke guntun zaren kowanne a kan kati, a ba shi lamba, domin “ja” a bakin mutum biyar launi biyar ne.

Ranar karɓar kaya ta zama tsayayya, mako-mako ko bayan mako biyu. Mai dubawa ta ɗora kwando a kan shimfiɗaɗɗen tebur ta danna bakinsa da yatsa ɗaya: idan ya yi rawa, gindin bai daidaita ba. Ta shafa cikinsa da bayan hannu don jin tsinin da zai kama tufa. Ta zuba masa nauyin da aka ce zai ɗauka, ta ɗaga da hannayensa, ta girgiza. Ta ɗaga shi sama ta duba ta haske, inda saƙa ta yi sako-sako haske zai ratso. Jaka a juya cikinta waje a ja ɗinkin kusurwa da wurin da hannu ya haɗu da jiki, nan ne take fara yagewa, kuma nan ne ake son ɗinki mai siffar akwati da gicciye a ciki.

A kasa kaya uku. Na ɗaya cikakken lada. Na biyu mai ɗan aibin da bai hana amfani ba, a biya kashi 70 zuwa 80 cikin 100, a sayar da shi a kasuwar kusa. Na uku a mayar a gyara. A nuna wa mai kayan aibin a hannunta, a keɓe, ba a gaban taro ba. Karɓar kaya maras kyau don tausayi yana jawo mai saye ya janye odar kowa. Bayan watanni kaɗan a miƙa aikin dubawa ga biyu daga cikin matan, suna karɓa-karɓa.

Abubuwan da ke lalata kaya

Rini mai zuba shi ne na farko. A jiƙa farin ƙyalle, a goga a kan kayan sau goma da ɗan ƙarfi. Idan launi ya hau, zai hau rigar mai saye. Dalilin yawanci uku ne: an yi amfani da rinin da bai dace da irin zaren ba, an cika garin rini fiye da abin da zare zai sha, ko ba a ɗauraye sosai ba. Rinin auduga daban, na ulu da siliki daban, na ganye da ciyawa daban, a tambayi mai sayarwa takamaimai. A auna rini da sikeli gwargwadon nauyin busasshen zare, a rubuta a littafi, a ɗauraye har ruwa ya fita fari. Zaren oda guda a rina shi a tukunya guda, domin tukunya biyu ba sa ba da launi ɗaya. Yadin auduga kuma a wanke shi kafin a yanka, yakan tsuke a wankin farko, rigar matashin kai da aka ɗinka daidai sai ta ƙi shiga.

Na biyu danshi. Kayan kaba, ciyawa, fata da katako suna yin fumfuna idan laimar iska ta yi yawa, kuma mafi yawan ɓarnar a cikin leda take faruwa. Kwando ya bushe a waje, cikin saƙarsa da sauran ruwa, a ɗaure shi a leda, rana ta buga motar, ruwan ya fito ya rasa hanyar fita. Bayan mako biyu a buɗe a tarar da baƙaƙen ɗigo da wari. A shanya kaya kwana biyu ko uku bayan an gama, a inuwa mai iska don kada launi ya koɗe. A ajiye su a kan katako, tazarar taki ɗaya daga ƙasa da bango, saboda laima da gara. A naɗe da takarda, a jefa ƙunshin sinadarin tsotse danshi a kowane kwali, kuma kada a rufe kwali ranar da ake ruwa. Garin da ke zuba daga ƙananan huji alamar ƙwaro ce a ciki, a ware wannan kayan nan take.

Sabulu yana da kasuwa, amma sai da sikeli mai auna giram. Kowane irin man da ake sabulu da shi da adadin sodar da yake ci: kilo ɗaya na man zaitun kimanin giram 135, kilo ɗaya na man kwakwa kusan giram 180 ko sama. Wadda ta sauya mai ta bar sodar yadda take za ta fitar da sabulu mai cin fata ko mai narkewa. Sodar ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. A sa safar hannu da abin kare ido, a kori yara daga wurin, kada a yi amfani da tukunyar alminiyam domin soda tana cin ta. Bayan an yanka, sabulu ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin a sayar, don haka kuɗinsa ma yana kwanciya, a sa wannan a lissafin jari.

Ido, baya da lokaci

Da yawa daga cikin matan sun haura shekara arba'in, lokacin da ganin kusa yake fara raguwa. Idan aka ga mace tana miƙa hannu nesa don zura zare a allura, ko ɗinkinta da ya saba fita daidai ya fara karkacewa, tabarau na karatu take buƙata, kuma yana cikin abubuwa mafi araha da shirin zai saya. Wani gwaji da aka wallafa a 2018 a kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya ya nuna cewa waɗanda aka ba tabarau aikinsu ya ƙaru da sama da kashi 20 cikin 100. A kawo ma'aikacin lafiyar ido ya gwada kowa kafin a fara. A tanadi wurin zama mai jingina, da fitila mai aiki da hasken rana ga masu aiki bayan yara sun kwanta.

Kada a lissafa mata sa'a takwas a yini. Tana ɗebo ruwa, tana girki, tana reno, tana noma. Sa'a uku zuwa huɗu ita ce gaskiya, lokacin shuka da girbi kuma ƙasa da haka. A zana kalandar shekara tare da su, a tura manyan ododi zuwa watannin da gona ta huta. Odar da ta fi ƙarfin ƙungiya a rage ta ko a ƙi ta. Idan aka karɓa, 'ya'ya mata ne za a hana zuwa makaranta su cike gibin, kuma wannan layi ne da bai kamata a tsallaka ba.

Sayarwa

Tausayi yakan sa mutum ya saya sau ɗaya. Abin da zai dawo da shi shi ne jakar da ta shekara hannunta bai tsinke ba. Saboda haka a talla kayan ne a gaba, labarin a baya, a gajarce, cikin mutunci: wace ƙungiya ta yi, da me aka yi, sa'a nawa ya ci, kashi nawa na farashin ya shiga hannun mai yi. Hoton mace ko sunanta ba ya fita sai da izininta, bayan an bayyana mata inda zai je, kuma ƙin yarda ba zai taɓa ladanta ba. Hotunan marayu da labarin yadda miji ya rasu a bar su, ba kayan talla ba ne.

Hoton kaya a ɗauke shi da safe a inuwa, a kan farin yadi ko bango maras ado: gaba, ciki, gindi, da ɗaya a hannun mutum don a ga girmansa. A rubuta tsawo, faɗi da nauyi. A WhatsApp, Facebook ko Instagram mutum ɗaya ya riƙe amsa saƙo, ya amsa a ranar. Kayan da aka saya ta waya ba ya fita sai an ga kuɗi a cikin asusu da ido, domin saƙon shigar kuɗi na bogi da hoton rasit na ƙarya sun yi yawa, haka ma wanda zai ce ya turo fiye da kima a mayar masa da canji.

A hau kasuwa mataki-mataki, ta kusa, sannan birni, sannan waje. Edna Ruth Byler ta fara ne a 1946 da sayar da ɗinkin matan Puerto Rico daga bayan motarta a Amurka, abin da daga baya ya zama shagunan kayan hannu na Ten Thousand Villages. A Ruwanda, kamfanin Gahaya Links ya tsara masaƙa, da yawansu matan da suka rasa mazaje a kisan ƙare dangi na 1994, har kwandunansu suka shiga manyan shagunan Macy's na Amurka a 2005, bayan an daidaita girma da launi yadda babban shago ke so. Ko an samu irin wannan babban mai saye, kada a bari ya riƙe fiye da rabin ciniki. A 2020, da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, masu sana'ar da suka dogara ga 'yan yawon buɗe ido kaɗai sun wayi gari babu kasuwa.

Idan za a tura waje, kamfanonin aika kaya suna cajin girma ko nauyi, duk wanda ya fi. Yawancinsu suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5,000. Kwali mai 40 ta kowane gefe za a caje shi a matsayin kilo 12.8 ko da kilo uku ne a sikeli. Maganinsa a tsara kwanduna girma uku masu shiga cikin juna, jakunkuna masu naɗewa. A bincika dokar ƙasar da za a kai. Tarayyar Turai ta taƙaita wasu sinadaran rini da ƙarfen nikel a kayan da ke taɓa fata. Amurka ta tsaurara dokar kayan yara a 2008, tana iyakance dalma da neman gwajin ɗakin bincike, don haka ƙaramar ƙungiya ta kauce wa kayan wasan yara a farko. Hauren giwa, ƙoƙon wasu kunkuru da wasu itatuwa suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda ta fara aiki a 1975, kada a taɓa su. Kayan tsiro kuma wasu ƙasashe suna neman takardar shaidar cewa babu ƙwari.

Kuɗin ya isa hannunta, ya kuma zauna

A biya matar da kanta. Ba ɗanta ba, ba ƙanin mijinta ba, ba wanda ya ce ita ta aiko shi. Idan ta waya ne, layin da asusun su kasance da sunanta, ita kaɗai ta san lambar sirri, a zauna da ita ta gwada cire kuɗi sau biyu ko uku har hannunta ya faɗa. Kowace mace ta riƙe ƙaramin littafi: kwanan wata, adadi, daraja, kuɗi, sa hannu ko dangwale. A karanta lissafin ƙungiya da babbar murya a kowane zama saboda waɗanda ba sa karatu. Keken ɗinki ko wani kayan aiki mai tsada a rubuta shi da sunan ƙungiya a ba ta aro, ta haka babu mai ƙirga shi cikin gado ko ya karɓe shi a bakin bashi.

A haɗa sana'ar da asusun tanadi. Tsarin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Nijar a 1991, wanda ya bazu ƙasashe da dama, mai sauƙi ne: mata kimanin 15 zuwa 25, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku, akwatin a gidan ta huɗu. Kowane zama mace tana zuba hannun jari ɗaya zuwa biyar, tana iya rancen da bai wuce ninki uku na abin da ta tara ba, akwai ɗan asusun gaggawa na ciwo da rasuwa, a ƙarshen shekara a fasa a raba. Ƙungiyar da ba ta yarda da kuɗin ruwa ba tana iya gudanar da shi babu ƙari. Abin da ba a so shi ne a ɗora wa mace bashin banki don sayen kayan aiki kafin a samu oda tabbatacciya.

Bayan wata uku

A zauna da littattafai a fitar da lamba huɗu: abin da kowace mace ta samu a sa'a ɗaya idan aka kwatanta da ladan aikin yini, kashi nawa na kaya ya faɗa daraja ta biyu da ta uku, masu saye nawa suka dawo karo na biyu, da kaya nawa suka kwana fiye da wata biyu a ɗaki. Kayan da ya kwanta a karya farashinsa a fitar da jari, a daina yin irinsa. Idan masu saye biyu ko uku sun maimaita oda kuma asusu yana iya biyan wata uku, a ƙara mata biyar ko shida, waɗanda suka riga su shiga su koya musu a biya su ladan koyarwa. Daga wannan zama kuma a fara tafiya da biyu daga cikin matan duk lokacin da za a je sayen kayan aiki ko ganin mai saye, a sa lambobin masu sayen a wayarsu da littafin ƙungiya, su riƙa yin cinikin da bakinsu mai shirin yana gefe.